Kalmar da Ta Ƙi Fassaruwa a Kongo

A wani ɗan ofis da muke haya kusa da ƙofar Kongo, a Tudun Wadar Zariya, aka kawo mana aikin. Wani kamfanin sayen amfanin gona ne yake son manhajar waya wadda wakilansa za su riƙa yi wa manoma rajista da ita a ƙauyukan Giwa da Soba da Maƙarfi: sunan manomi, girman gona, abin da ya shuka, buhu nawa yake sa ran samu. Tambayoyin da Turanci suka zo, mu ne za mu mayar da su Hausa. Duk suka tafi sumul, sai guda ɗaya mai kalma ɗaya tak, da ɗan akwatin "eh" ko "a'a" a gabanta: oganik. Muka yi shawarar da ba ta wuce minti biyar ba, wani daga cikinmu ya ce ai a rediyo kullum "takin gargajiya" ake cewa. Muka rubuta "Na gargajiya ne?", muka wuce tambaya ta gaba.

Da kaka ta yi, sai ga shi kusan kowane manomi "eh" ya amsa. Kamfanin ya ware wakensu da riɗinsu gefe guda, ya yi musu alkawarin ƙari a kan farashin kasuwa, ya aika samfuri ɗakin gwaji. Sakamako ya dawo da burbushin maganin ƙwari. Aka janye alkawari, kuma abin da ya fi ciwo, aka shiga raɗe-raɗin cewa manoma sun yi ƙarya don kwaɗayin kuɗi. Muka bi wakilin kamfanin zuwa ɗaya daga cikin ƙauyukan, muka tarar da wani dattijo zaune a gindin rumbunsa. Bayan an gaisa muka ce, "Baba, an ce kun yi wa waken nan feshi, ga shi kuma a waya an rubuta na gargajiya ne." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Samari, irin nan tun kakana ake shuka shi a gidan nan, da fartanya kuma na nome shi. In wannan ba na gargajiya ba ne, to mene ne? Feshi kuwa, wa ya tambaye ni?"

Ba wanda ya tambaye shi. Mu ne muka ɗauko kalmomi biyu, kowacce da nata dogon tarihi, muka ɗaura musu aure ba tare da binciken asali ba. Kuma muka yi wannan ɗanyen aiki a bakin katangar wurin da kalmar "gargajiya" ta koyi zaman ofis.

Mu fara da ita, tunda ita ce 'yar gida. Duk Bahaushen da ya saurari kalmar zai ji amon gado a cikinta: abin da aka tarar, abin da kaka da kakanni suka bari. A bakin malaman jihadin 1804 da almajiransu, abin da aka tarar ɗin ba kullum ne abin yabo ba. Bori da tsafi da harajin da sarakunan Haɓe suke ɗora wa talakawa duk gadonsu aka yi, kuma a kansu aka yi yaƙi. Har yau in aka ce "addinin gargajiya", abin da ya riga Musulunci zuwa ake nufi. A Zazzau, Malam Musa ya shiga birni da tutar Shehu a 1808, Sarki Makau ya yi kudu, zuriyar gidansa suka kafa Abuja ta farko, wadda ake kira Suleja yanzu. To in ana maganar tsufa ne zalla, wace sarauta ce ta gargajiya, ta Zariya ko ta Suleja? Dukkansu Sarkin Zazzau ake ce musu, dukkansu kuma sarakunan gargajiya ne a takardar gwamnati.

Turawa ne suka juya kalmar. Da suka kama Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903, sai suka kafa mulkinsu a bayan rawani. Duk abin da suka tarar suka zuba shi a buhu ɗaya, suka sa masa sunan "na 'yan ƙasa": hukumar 'yan ƙasa, kotun 'yan ƙasa, baitulmalin 'yan ƙasa. Talaka ya ɗauki harufan farko na sunan Turancin ya ce En'e. Masu rubutu kuwa, in suna son Hausa tsantsa, sai su ce Hukumar Gargajiya. A cikin wannan buhun aka jefa shari'ar Musulunci, domin a dokar Turawa fiƙihun Malikiyya da alƙali yake hukunci da shi wani reshe ne na "doka da al'adar 'yan ƙasa". Wato abin da aka yi jihadi don ya kawar da gargajiya, shi ma ya wayi gari sunansa gargajiya.

Akwai kuma abubuwan da Turawan da kansu suka ƙirƙira, suka shiga buhun. Kafin zuwansu, manyan masu sarauta a birni suke zaune, garuruwan da suke riƙe a warwatse suke, jekadu ne ke kai kawo tsakani. Wajen 1907 aka fara harhaɗa garuruwa ana yanka gundumomi, aka tura masu sarauta su je su zauna a cikinsu, suna karɓar haraji suna ƙidayar mutane, daga baya aka yanka musu albashi. M. G. Smith ya bi diddigin wannan canji a littafinsa kan sarautar Zazzau daga 1800 zuwa 1950, wanda ya fito a 1960. Hakimin gunduma kamar yadda muka san shi yau, da ofishinsa da magatakardansa, bai kai tsufan masallacin Juma'a na birni ba. Ita kanta Tudun Wada tsarin Turawa ce: birni na 'yan gari, Sabon Gari na baƙin Kudu da jirgin ƙasa ya kawo, Tudun Wada ta 'yan Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba.

Mulki irin wannan takarda yake ci. Ana buƙatar mai rubuta rasit, mai riƙe littafin baitulmali, mai buga tafireta. Don haka a 1947, zamanin Sarki Ja'afaru, aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Kongo. Shekara uku bayan haka guguwa ta taso. Ranar 8 ga Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, babban abin da take yaƙa kuwa shi ne zaluncin En'e. A cikin watan nan dai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa tsarin En'e garambawul, abin da ya girgiza sarakuna da Turawa baki ɗaya. Amsar gwamnati ta zo ta hanya biyu a 1954: sabuwar dokar En'e, da ɗaga makarantar Kongo ta zama Cibiyar Koyon Harkokin Mulki. Daga nan aka shiga kawo ma'ajin En'e da magatakarda da hakimai da 'ya'yan sarakuna daga Sakkwato har Adamawa, ana koya musu kasafin kuɗi da rubuta bayanin taro. Ana koya musu, a taƙaice, yadda ake gargajiya a zamanance.

Alƙalai ma sun zo. A 1958, ana shirin mulkin kai, gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Abu Rannat, tare da wani joji daga Pakistan da Farfesa J. N. D. Anderson na Landan da wakilan Arewa. Daga shawararsu aka samar da kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960. An kwaikwayi na Sudan, shi kuma na Sudan an kwaikwayi na Indiya na 1860. Aka mayar da shi Hausa, aka riƙa kawo alƙalai da muftai Kongo rukuni-rukuni, mutanen da suka haddace Risala da Mukhtasar a zaure, ana zaunar da su a benci ana bi da su sashe-sashe. Mun sha tunanin masu fassarar wannan kundi tun da abin nan ya same mu. Kalma ɗaya in ta karkace a hannunsu, ɗaurin wani ne zai ƙaru ko ya ragu. Kuma ba nisa da su akwai Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, inda su Abubakar Imam suka shafe shekaru suna kokawa da kalmomin mulki da kimiyya a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Unguwar nan ta ga fassara iri-iri kafin tamu.

A 1962 cibiyar ta shiga cikin sabuwar Jami'ar Ahmadu Bello. Tsakanin 1967 da 1970 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya binne ta gaba ɗaya. Sai kalmar ta sake juyawa. Da can Hukumar Gargajiya ita ce mai ɗauri da saki. Yanzu "sarakunan gargajiya" su ne waɗanda aka raba da iko aka bar su da girma, har tsarin mulkin 1999 bai ba su wani aiki ba. Tun daga lokacin kalmar ta zama kishiyar "zamani" a ko'ina: maganin gargajiya da na asibiti, ungozomar gargajiya, kiɗan gargajiya, damben gargajiya, noman gargajiya, takin gargajiya. A wani bakin yabo ce, a wani bakin raini ce, wani lokaci ma a jimla ɗaya.

Ita kuma baƙuwar, oganik, tafiyarta ta fi nisa. Tushenta kalmar Girkanci ce mai nufin kayan aiki. Da ita aka raɗa wa littattafan mandiƙi na Aristotal suna, domin mandiƙi kayan aikin tunani ne. Almajiran zaurukan Zariya, garin da ya yi suna a nahawu da lugga, sun san irin wannan rabo, tunda su ma suna kiran nahawu da sarfu ilmin ala, wato na kayan aiki. Daga nan kalmar ta koma kan gaɓoɓin jiki, ido da hanta da ƙoda, kasancewar su ne kayan aikin rai. Larabawa da suka zo fassara ta a kimiyya, daga kalmarsu ta gaɓa suka ciro ta. Wannan ma'anar ce ta rage a bakin likitoci. A tsohon asibitin Tudun Wada, ko a Shika inda asibitin koyarwa ya koma, in likita ya ce ciwo oganik ne, yana nufin an ga ɓarna a wata gaɓa, hoto ko gwajin jini ya nuna. Ciwon da aka bincika ba a ga komai ba, shi ne wanda dangi kan ce a koma gida a gwada na gargajiya. A asibiti ke nan kalmomin namu biyu baya suka ba juna.

A kimiyyar sinadarai ne abin ya fi daɗin labari. A farkon ƙarni na 19, masanin nan na Suwidin, Berzelius, ya raba sinadarai gida biyu: waɗanda ake samu daga abu mai rai, ya ce musu oganik, da na duwatsu da ƙarafa. Ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne na farkon ba sa haɗuwa sai da wani ƙarfin rai da babu shi a kwalba. A 1828 almajirinsa Friedrich Wöhler, a Balin, yana ɗumama wani gishiri da ba ruwansa da rai, sai ga farin ƙanƙara-ƙanƙara ya fito, ya gwada ya ga sinadarin nan ne da ake samu a fitsari. Ya rubuta wa malaminsa cewa ya iya yin sa ba tare da ƙodar mutum ko ta kare ba. Tsohon ra'ayin bai mutu a ranar ba, ya ɗauki shekaru yana shure-shure, amma kafin 1860 ta yi nisa masana sun sauya ma'anar kalmar: oganik shi ne sinadarin da aka gina a kan kabon, ko daga ina ya fito.

Sunan sinadarin da Wöhler ya haɗa yuriya. Eh, ita dai, farar nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake layi a kanta da damina. Bayan Haber da Bosch sun gano yadda ake kamo naitirojin daga iska, tsakanin 1909 da 1913, sai yuriya ta zama abin da masana'anta ke yi tan-tan daga iskar gas. Kashi 46 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne. Nijeriya ta fara yin tata a Onne a ƙarshen shekarun 1980, ga kuma katafariyar masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022. Saboda haka buhun da manomi ya fi sani da sunan takin zamani, wanda shi ne abu na farko da mai sayen amfanin oganik yake haramtawa, a ajin kimiyya na Samaru shi ne misalin farko na sinadarin oganik. Haka fetur, haka leda, haka fiya-fiyar da ake zuba wa wake. Su kuwa kanwa da gishirin Bilma da tokar murhu, waɗanda ba abin da ya kai su gargajiya a madafin Bahaushiya, malamin kimiyya a ɗaya gidan yake ajiye su.

A cikin katangar Kongo kanta kalmar tana da fuska fiye da ɗaya. Ɗalibin shari'a zai ji ana kiran tsarin mulki doka oganik, wato wadda ta kafa gaɓoɓin hukuma. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu sanin wannan, domin a tsarin da Nijar ta gada daga Faransa akwai rukunin dokoki masu wannan suna, suna zaune tsakanin tsarin mulki da sauran dokoki. Ya tsallaka zuwa sashen koyon mulki da kasuwanci, sai ya ji kamfani ya yi girma oganik in da ribarsa ya faɗaɗa, bai sayi wani kamfanin ba. Mu ma masu kwamfuta muna da tamu: tun da Google ya fara sayar da talla a 2000, sakamakon binciken da ba a biya kuɗi ya fito ba shi ake kira oganik, ko da yake lissafin na'ura ne ya jera shi tun daga sama har ƙasa.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne Emile Durkheim, masanin zamantakewa na Faransa. A littafinsa na 1893 kan rabon aiki, ya ce al'ummar da kowa yake yin abin da kowa yake yi, ƙauyen da duk manoma ne masu imani iri ɗaya, haɗin kanta irin na inji ne. Al'ummar zamani kuwa, inda likita yake buƙatar direba, direba yake buƙatar makanike, ita ce mai haɗin kai oganik, domin kamar gaɓoɓin jiki take, kowacce da aikinta. A wurinsa ke nan oganik shi ne zamani, gargajiya ce inji. Mu dai muna ganin da ya zaga birnin Zazzau, da ya sassauta. Garin da yake da marina da majema da maƙera da madunka da mahauta, kowace sana'a da sarkinta, garin da ya fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya san rabon aiki tun kafin a haifi Durkheim.

Ma'anar da kamfanin nan yake nufi ita ce ƙaramarsu a shekaru. A 1940 aka buga littattafai biyu a Ingila. Ɗaya na Lord Northbourne, wanda ya fara cewa noman oganik, yana nufin a ɗauki gona kamar jiki guda mai rai, dabba ta ci daga ƙasa ta mayar wa ƙasa. Ɗayan na Albert Howard, wanda aka tura Indiya ya koya wa manoma noma, ya dawo yana cewa su suka koya masa haɗa taki daga kashin dabbobi da ragowar amfani. Abin da suke wa'azi a kai, manomin Kano da Zazzau ya daɗe yana yi. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar nan ta Zariya, ya nuna yadda ƙauyukan kewayen Kano suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, jakuna na shiga birni da itace suna fitowa da mangalar taki. Ga yarjejeniyar kaka, Bafulatani ya sauka a gona shanunsa su ci kara su bar taki, a sallame shi da dami. Ga gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da abinci. Ga haɗa dawa da wake a kunya ɗaya.

To amma a daidai lokacin da wasu a Ingila suke juya wa takin masana'anta baya, ma'aikatar gona ta Arewa tana shigo da shi. Wajen 1950 aka fara tallata takin sufa ga manoman gyaɗa. Ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975, da shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da rangwamen gwamnati mai tsoka, suka sa buhun taki ya shiga kowane ƙauye har ya zama kayan siyasa. A nan ne aka sami buƙatar bambancewa. Da can taki taki ne kawai. Da sabon ya zo aka ce masa na zamani, tsohon ya tashi da laƙabin na gargajiya. Kuma ba za mu yi wa malaman gona rashin adalci ba: mutane sun ninka, gonaki sun tsuke, kashin shanun da ke ƙasar nan ba zai ciyar da masarar da ake nomawa yau ba.

A can Turai kuwa kalmar ta bar hannun masu wa'azi ta koma hannun lauyoyi. Aka kafa ƙungiyar masu noman oganik ta duniya a Faransa a 1972, Amurka ta yi doka a 1990, Tarayyar Turai ta yi tata a 1991. Daga nan oganik ya zama takardar shaida: gona ta shafe shekara biyu zuwa uku ba takin masana'anta ba feshin da aka hana, a riƙa rubuta duk abin da ya shiga cikinta, mai bincike ya zo ya gani, a biya shi. Tsohuwar da ba ta taɓa sayen ko mudu ɗaya na yuriya ba don ba ta da kuɗinsa, riɗinta ba oganik ba ne a idon wannan doka, tunda ba ta da fayil. Wannan shi ne abin da ɗan akwatin namu yake tambaya, kuma ba kalmar Hausa guda da za ta ɗauke shi, don ko a Turancin ma kalmar ba ita ke ɗauke da shi ba, kundin dokar da ke bayanta ne.

Kuma maganar ba ta masu kuɗin Turai ba ce kawai. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da ake samu a cikinsa, aka yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. Waken da aka ƙi a can bai ɓace ba; shi ne a ƙosanmu da alalarmu. A gefe guda kuma kalmar ta faɗa hannun masu sayar da man shafawa a Instagram da WhatsApp, inda "haɗin oganik" ya zama sunan ado na man bilicin, har hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin bilicin a matsayin matsalar gaggawa a 2023. A wannan kasuwa kalmar ba ta nufin komai sai "ki yarda da ni".

Da muka zauna gyaran manhajar, sai muka ga ko jerin abubuwan da muke ɗauka na gargajiya ne bai tsaya da ƙafarsa ba. Ganyen darbejiya da ake sa wa hatsi a rumbu, itacen daga Indiya yake, a 1928 aka fara dasa shi a Borno. Barkonon da ake barbaɗa wa wake, da masarar tuwo, da gyaɗar ƙuli-ƙuli, da rogo, duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Abin da kuma ya fi raba wake da fiya-fiya a yau leda ce: buhun nan mai hawa uku da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yaɗa daga 2007, wanda ake ɗaure shi tam iska ta ƙare ƙwari su mutu. Na zamani ne ƙarara, mai sayen oganik kuma yana maraba da shi. Sai ga waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kare kansa daga tsutsa. Yana rage feshi ƙwarai, amma dokar oganik ta haramta shi ɗungurungum. Manomin da ya shuka shi ya fi maƙwabcinsa tsabtar wake, ya kuma fi shi nisa da takardar shaida.

A sana'armu, in ka ba abu biyu suna ɗaya a wuri ɗaya, na'ura tsayawa take ta ƙi gaba sai ka gyara. Harshe ba ya tsayawa. Kowa sai ya ɗauki ma'anar da ke kusa da shi ya amsa da gaskiyarsa. Don haka muka goge tambayar, muka fasa ta gida shida. Wane iri ka shuka, a ina ka samo shi? Ka zuba takin buhu a gonar nan bana, ko bara, ko bara waccan? Ka zuba na dabbobi ko na bola? Ka yi feshin ciyawa ko na ƙwari, sau nawa? Maƙwabcin gonarka yana feshi? Da me ka adana amfanin bayan girbi? Babu oganik a ciki, babu gargajiya. Kamfanin ya yi ƙorafin cewa rajistar da take ɗaukar minti uku yanzu za ta ɗauki goma, wakilai kuma a kan kowane manomi ake biyansu. Muka ja, suka ja, aka cire tambayar maƙwabci, aka bar biyar.

Ƙarin kuɗin waccan kakar dai bai dawo ba. Da damina ta kewayo muka koma ƙauyen tare da wakili don gwada sabuwar rajistar, muka sake samun dattijon. Ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, har da sunan maganin da ya fesa da ranar kasuwar da ya saye shi. Da aka zo ta takin dabbobi sai ya ce a rubuta "a'a". Shanun da suka saba sauka a gonarsa bayan girbi sun yi shekara huɗu ba su zo ba, tun da hanyar dajin yamma ta lalace, mangalar taki kuwa yanzu sai mai kuɗi. Wakili ya duba wayar ya ce ba wurin rubuta dalili. Baba ya ce to a bar shi a "a'a" ɗin, ya tashi ya shiga gida ya ɗebo mana gyaɗa.